Tambayoyinku: Ding Liren sayar da wasan ya yi, ko kuskure ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun ranar 12 ga Disamba 2024, da Gukesh Dommaraju na Indiya ya karɓe kambun duniya na wasan ches daga hannun Ding Liren na China a Singafo, da maki 7.5 da 6.5, saƙonninku ba su daina shigowa ba. Kaɗan ne suka tambayi wasan kansa. Yawancinku abin da mutane ke faɗa a kan wasan ne ya dame ku. Na zaɓo waɗannan, masu tsawo na taƙaita su.

TAMBAYA: Malam, ni da abokaina muka kalli wasan ƙarshe a waya ɗaya. Kowa ya haƙura cewa canjaras ne, har ɗayanmu ya miƙe zai tafi, sai Ding ya tura ruk ɗinsa, ɗan allon nan mai kama da hasumiya, komai ya rushe. Abokina ya rantse sayar da wasan ya yi, ya ce har wani babba a Rasha ya faɗi haka. Na rasa amsar da zan ba shi.

AMSA: Ɗan'uwa, gaya wa abokinka ya janye rantsuwarsa. Babban da yake nufi shi ne Andrei Filatov, shugaban hukumar ches ta Rasha, wanda ya ce takun ya yi kama da na ganganci, ya nemi hukumar duniya, FIDE, ta yi bincike. Hujja ko ɗaya bai kawo ba. Shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, wanda shi ma ɗan Rasha ne, ya yi watsi da maganar, ya ce kuskure yana cikin kowane wasa, in babu shi ba za a zura ƙwallo ko ɗaya a raga ba.

Amma kada mu tsaya kan wane ya ce, wane ya ce. Ɗauko allo ka jera. Ding ne da farare: sarki, ruk ɗaya, bishof ɗaya (wanda a karkace kawai yake tafiya), soja ɗaya a gidan allo da ake kira g3. Gukesh yana da sarki, ruk, bishof, da sojoji biyu a f5 da g4. Gukesh ya fi shi da soja guda, amma irin wannan ƙarshen manyan 'yan wasa suna riƙe shi su tashi kunnen doki. Bishof ɗin Ding yana zaune a lungu, a a8, inda hanya ɗaya tak gare shi, doguwar hanyar da ta ratsa allo zuwa h1. A taku na 55 sai Ding ya kawo ruk ɗinsa f2, yana neman a yi musaya. Gukesh ya ci, sarkin Ding ya rama. Sai Gukesh ya ɗora nasa bishof ɗin a d5, sarkinsa na tsare da shi. Na Ding ba shi da mafaka: ya tsaya a ci shi, ya matsa b7 ko c6 a ci shi. Dole ya ci na d5, a rama. Allo ya koma sarki da sojoji biyu a kan sarki da soja ɗaya, kuma Ding ne zai kauce ya ba da hanya. A taku na 58 ya miƙa hannu.

Yanzu ka tambayi kanka me ya sa mutum kamar Ding zai yi wannan. Tun tsakiyar wasan burinsa ɗaya ne, a rage 'ya'ya a kan allo a tashi canjaras, don a je wasannin raba gardama na sauri da aka tsara washegari, inda masana da yawa ke ganin shi ne da rinjaye. Har soja ya yarda ya rasa saboda wannan. Sa'o'i ya shafe yana gaya wa kansa cewa musaya ce mafitarsa, kuma da bishof ɗin yana wani gida da zai iya zillewa, musayar ruk ɗin ba za ta kashe shi ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ya ajiye bishof a lungu. Agogonsa ya yi ƙasa da minti goma, Gukesh kuma yana da wajen awa guda. Wasa na 14 ne, bayan kusan mako uku ana fafatawa, kuma jiya-jiya da kyar ya sha a wasa na 13.

Mai son sayar da kambu ba haka yake yi ba. Me zai sa ya ci wasan farko da baƙaƙe? Da aka doke shi a wasa na 11, saura wasa uku, duk duniya ta ce ya ƙare, me zai sa ya dawo washegari ya yi wa Gukesh kaca-kaca a na 12? A wasa na 7 da na 13 yana bakin rami, da faɗuwa yake so ba wanda zai zarge shi. Ko ta fuskar kuɗi ka duba, kowace nasara dala 200,000 ce, shi ya sa Gukesh ya tashi da dala miliyan 1.35, Ding da miliyan 1.15, ga kambu ya tafi.

Abin da ya fi min ciwo ba maganar Filatov ba ce, ta Vladimir Kramnik ce, tsohon zakaran duniya, wanda ya rubuta cewa wannan ne ƙarshen ches kamar yadda aka san shi, kuma ba a taɓa yanke kambun duniya da kuskuren yara irin wannan ba. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 1892 a birnin Habana na Kuba, Mikhail Chigorin yana gaba a wasa na 23 da Wilhelm Steinitz, ya ɗauke bishof daga inda yake tsaro, aka kama masa sarki a taku biyu, gasar ta ƙare nan take. A 2014 a Sochi, wasa na 6, Magnus Carlsen, mai riƙe da kambu a lokacin, ya tafka kuskure, Viswanathan Anand bai gani ba ya wuce. A 2021 a Dubai, Ian Nepomniachtchi ya bari aka rufe masa bishof a wasa na 9. Shi kansa Kramnik, a 2006 a birnin Bon na Jamus, yana riƙe da kambu, yana karawa da na'urar Deep Fritz, bai ga za a kama masa sarki a taku ɗaya ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Garry Kasparov, tsohon zakaran duniya, wanda Gukesh ya karya wa tarihin cin kambu da mafi ƙarancin shekaru, ya fi shi adalci: ya taya yaron murna, ya ce wace gasar duniya ce aka taɓa yi babu kurakurai, shi ma ya yi nasa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce, ban daɗe da koyon wasan ba. Amma Ding na ajiye ruk ɗin nan na san ya yi asara. Yaya ni zan gani, zakaran duniya bai gani ba? A wurin sharhi na ga mutane suna ta zaginsa, wasu na cewa ko su sun fi shi.

AMSA: 'Yata, zan gaya miki gaskiya don na ga kina son wasan nan da gaske. Ba ke kika gani ba. Sandar nan da ke gefen allo a wurin sharhi, mai fari da baƙi, mai nuna wanda ke da rinjaye, ita ta gani, ke kuma kika ga ta faɗi. Na'ura ce irin su Stockfish ke motsa ta, tana lissafa miliyoyin matsayi a daƙiƙa guda, kuma ta fi duk ɗan Adam da ya taɓa zama gaban allo ƙarfi nesa ba kusa ba. Da sandar ta zube, ƙwaƙwalwarki ta samu labari mafi tsada a wasan ches, wato "akwai wani abu a nan, nemo shi". Wanda aka gaya wa akwai abu, zai samo shi. Ɗan wasa ba mai gaya masa. A wurinsa taku na 55 kamarsa ɗaya da na 54 da na 53.

Ga shaida daga bakin wanda ya ci. Gukesh ya faɗa bayan wasan cewa shi ma bai gane nan take ba, saura ƙiris ya kawar da ruk ɗinsa ya ƙi musayar. Ki koma ki kalli hoton bidiyon a hankali. Za ki ga lokacin da abin ya faɗo masa: idonsa ya buɗe, ya dubi allo ya sake duba, ya kurɓi ruwa, ya kasa zama. Ding ma ya ce sai daga baya ya fahimci abin da ya aikata. Mutum biyu daga cikin mafiya ƙwarewa a duniya, kowannensu ya buƙaci lokaci. Masu zagin nan su kaɗai ne suka "gani" cikin ƙiftawar ido, domin su kaɗai ke da sanda.

Wannan sanda ta yi wa ches alheri mai yawa, ba na musu. Da can sai ƙwararre ke iya bin gasar duniya kai tsaye, yanzu wanda ya koyi wasan bara ma yana jin inda iska ta dosa, shi ya sa masu kallo suka yawaita. Amma ta ɗauke wa mai kallo tausayi. Tana nuna miki canjaras ne, ba ta nuna miki cewa canjaras ɗin sai an yi taku ashirin ba tuntuɓe. Tana nuna lamba, ba ta nuna cewa mutumin ya shafe sa'o'i a kujera, kansa ya yi nauyi, agogo na cin sa. Ding ya fito fili ya faɗi irin halin damuwa da rashin barci da ya shiga bayan ya ci kambu a 2023. Mutumin da ya yi wannan jarumtar, ya zo ya kai gasa har wasan ƙarshe ana kunnen doki, bai cancanci zagi daga wanda ke kwance da waya a hannu ba.

Ki gwada wannan. Ki samu wasa na 13, ki rufe sandar, ki jera a kan allo na gaske, ki zauna a kujerar Ding daga taku na 25. Kafin ki duba abin da ya taka, rubuta naki a takarda, ki ba kanki minti uku kacal kowane taku. In kin gama sai ki kunna na'ura ta duba miki. Daga ranar za ki riƙa kallon wasan da wani ido daban, kuma za ki ƙaru fiye da kallon sharhi goma.

TAMBAYA: Ni fa Malam ban ɗauki Gukesh zakaran duniya ba. Bai doke Carlsen ba. Kambun da babu Carlsen a ciki ai kwali ne kawai.

AMSA: Ba kai kaɗai ba, ɗan'uwa. Kasparov ma kafin a fara gasar ya ce bai ɗauke ta ta duniya ba tunda wanda ya fi kowa ba ya ciki. Kuma rabin maganarka gaskiya ce. Carlsen ne na ɗaya a jerin FIDE tun 2011, makinsa ya taɓa kai 2882, ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Gukesh da bakinsa, a ranar da ya ci kambu, ya ce zama zakara ba ya nufin shi ne ya fi kowa, akwai Magnus Carlsen. Yaro ɗan shekara 18 ya faɗi haka a ranar da ya fi kowace rana daɗi a rayuwarsa, ni wannan ya ƙara masa girma a idona.

Inda muka rabu da kai shi ne kalmar kwali. Ba wanda ya ƙwace wa Carlsen kambu. Shi ya ce a Yulin 2022 ba zai kare shi ba, ya gaji da watannin shiri. Haƙƙinsa ne. Amma in mai riƙe da kambu ya ajiye, ba a rufe gasa a jira ranar da zai sake sha'awa. An yi haka a 1975 da Bobby Fischer ya ƙi zama da Anatoly Karpov. An ce Karpov zakaran takarda ne, ya shafe shekara goma yana riƙe da kambun yana lashe gasa bayan gasa, yau ba mai faɗin haka. Gukesh kuwa hanyar da aka shimfiɗa ya bi ba tsallake. A Afrilun 2024 a Toronto ya lashe gasar fitar da mai ƙalubale da maki 9 cikin 14, a gaban Fabiano Caruana da Hikaru Nakamura da Nepomniachtchi, yana ɗan shekara 17. A Satumba a Budafes ya samu maki 9 cikin 10 a allo na farko, Indiya ta ɗauki zinare a gasar ƙasashe. Sannan ya doke mai riƙe da kambu a wasa 14. Zakaran duniya da na ɗaya a duniya abu biyu ne, kuma ba yau suka fara rabuwa ba.

TAMBAYA: Canjaras bakwai a jere! Malam, wannan ba ɓata wa mutane lokaci ba ne?

AMSA: Daga wasa na 4 zuwa na 10, haka ne. Wasu cikinsu, irin na 10, ba su da armashi, na yarda. Amma na 7 ya kai taku 72 ana ɗauki-ba-daɗi, kuma a na 6 da na 8 Gukesh ya samu damar maimaita taku a tashi lafiya, ya ƙi, alhali matsayinsa bai fi na Ding ba. 'Yan kallo da yawa sun ce wauta ce. Ni a ganina can ya fara cin gasar, domin ya sanar da Ding cewa babu ranar hutu a kan allo, kuma gajiyar da ta fito a taku na 55 a waɗannan ranakun aka tara ta. In kana son ka ga canjaras na gaske, a 2018 a Landan Carlsen da Caruana sun yi 12 cikin 12. Karpov da Kasparov a 1984 zuwa 1985 sun yi 40 cikin wasa 48 kafin a dakatar da gasar. Ta Singafo wasa biyar aka ci a cikinta.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, jikana ne ya nuna min. Na ga yaron yana kuka yana jera 'ya'yan wasan, na ga mutanen ƙasarsu kamar za su tashi sama. Duk a kan wasan allo?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kukan nan yana da tarihi. Gukesh ɗan birnin Chennai ne a kudancin Indiya, garin Viswanathan Anand, wanda ya fara kawo wa Indiya kambun duniya. A 2013 aka yi gasar a Chennai ɗin, Carlsen ya zo har gida ya karɓe kambun daga Anand. Gukesh yana ɗan shekara 7 yana cikin masu kallo ta bayan gilashi, kuma ya ce tun ranar ya ƙudurta shi zai dawo da shi. Akwai wani ɗan bidiyo da mutanen Indiya suka yi ta yaɗawa, yana ɗan shekara 11 ana tambayarsa burinsa, ya ce yana so ya zama zakaran duniya mafi ƙarancin shekaru. Kasparov ya ci nasa a 1985 yana da 22. Gukesh ya ci yana da 18.

Bayan wannan akwai gida. Mahaifinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa bin yaron ƙasa-ƙasa, mahaifiyar ta riƙe gida da albashinta. Da ya fito daga zauren wasa mahaifin ya fara runguma. Duk uban da ya taɓa zuba abin da yake da shi a kan ɗa, ba tabbacin za a ga riba, ya san abin da ke cikin rungumar nan. Firaminista Narendra Modi ya taya shi murna, gwamnatin jiharsu ta Tamil Nadu ta sanar da kyautar rufi, kuɗin Indiya, miliyan 50, jama'a suka cika filin jirgin Chennai ranar da ya sauka. Jera 'ya'yan kuwa ɗabi'arsa ce, ya ci ko an ci shi, sai ya mayar da kowanne gidansa kafin ya tashi. Abin da ya taɓa zukatan mutane shi ne ko a wannan ranar, hawaye na zuba, bai bar ta ba. Da ya zauna gaban 'yan jarida kuma, kafin ya yi maganar kansa sai da ya fara yaba wa Ding, ya kira shi zakara na gaskiya.

TAMBAYA: Ni mai goyon bayan Ding ce, har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Wane wasa zan nuna wa masu yi min dariya?

AMSA: 'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce. Ding ya shiga gasar nan kusan kowa ya yanke masa hukunci, domin tun Janairun 2024 bai ci wasan dogon lokaci ko ɗaya ba, ya fita kuma da masoya fiye da yadda ya shiga, saboda sauƙin kansa da yadda yake amsa tambaya ba ɓoye-ɓoye. Ko a ranar da ya faɗi cewa ya yi ba shi da nadama, kuma in aka duba yadda ya tsira a wasa na 13, sakamakon adalci ne. Ki tuna musu shi ne namiji na farko daga China da ya riƙe kambun, kuma tsakanin 2017 da 2018 ya yi wasa 100 a jere ba a doke shi ba.

Wasan da za ki nuna musu shi ne na 12, ranar 9 ga Disamba. Yana bayan Gukesh da maki guda, yana da farare. Bai yi gaggawa ba, ya riƙa gyara 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har sai da kowanne ya zauna inda ya dace, sannan ya turo sojojin tsakiya, baƙaƙe suka rasa wurin numfashi. Ya rufe da sadaukar da ruk a g7 a taku na 39, Gukesh ya sallama. In sun ce sa'a ce, ki ƙara musu da wasan ƙarshe na raba gardama a Astana a 2023, inda Nepomniachtchi ke neman a maimaita taku a tashi, Ding da ɗan lokacin da ya rage masa ya ƙi, ya sa ruk ɗinsa a g6 ya tare, ya ci wasan ya ɗauki kambu.